Jar Akuya

Wanda ya fita da sassafe ta Ƙofar Guga ko ta Ƙofar Sauri a birnin Katsina, da wuya ya yi nisa bai gamu da awaki ba. Waɗansu suna kwance gindin katanga suna tuƙa, waɗansu kuwa sun ɗaga ƙafafun gaba sun dafa itace suna tsinkar ganye. In ya duba da kyau zai ga da yawa daga cikinsu jajaye ne. Irin waɗannan su a ke kira jar akuya. A Nijeriya an fi saninta da jar akuyar Sakkwato, a Nijar kuwa akuyar Maraɗi a ke ce mata. Sunan ne biyu, amma dabbar ɗaya ce.

Ba abin mamaki ba ne a same ta a Katsina da yawa haka. Daga Katsina zuwa Maraɗi tafiyar kamar kilomita 90 ce ta hanyar Jibiya, mutanen garuruwan nan biyu kuwa dangin juna ne. Bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, sarakunan Katsina na dauri suka yi arewa suka zauna Maraɗi. Shi ya sa har yau a ke ce wa sarkin can Sarkin Katsinan Maraɗi. Tun daga zamanin nan mutane ba su daina kai da kawowa ba, ana cinikayya, ana auratayya, awaki kuma suna bin iyayengijinsu duk inda suka nufa.

Jar akuya ba doguwa ba ce kamar awakin Buzaye masu dogayen ƙafafu, ba kuwa gajera ba ce kamar awakin kurmi. Tsaka-tsaki ta ke. Tsayinta daga ƙasa zuwa kafaɗa ya kan kai kamar santimita 60, nauyin babba kuwa kilo 25 ko fiye kaɗan. Gashinta gajere ne mai laushi, ja wur, in tana da lafiya har sheƙi ya ke yi cikin rana. Kunnuwanta ba su da tsawo ƙwarai, kuma a miƙe su ke, ba su rataya ba. Da akuyar da bunsurun duka suna da ƙaho, gajere, wanda ya karkata baya. Bunsuru ya fi ta girma da kaurin wuya, yana da gemu, gashin gadon bayansa kuma ya kan yi duhu. A ƙasar Katsina da ta Kano a kan ga waɗanda jan nasu ya koɗe ya koma ruwan ƙasa. Su ma 'yan'uwanta ne na kusa.

Abin da ya fara kai sunan wannan akuya ƙasashen nesa fatarta ce. Fatar tana da laushi, ga ƙarfi, ga karɓar rini. Majema su kan jeme ta da bagaruwa, dukawa su ɗinka jaka da takalmi da tufafin doki. A zamanin dā fatake su kan ɗora fatun bisa raƙuma su ƙetare Sahara da su har bakin tekun arewacin Afirka. Daga can Turawa su ke saye, suna yin bangon littattafai masu tsada da safar hannu. Da ya ke a hannun mutanen arewacin Afirka su ke samunta, sai suka riƙa kiranta fatar Maroko, alhali kuwa da yawa daga cikinta daga ƙasar Hausa ta fito.

Amma fata sau ɗaya a ke samunta, ran da aka yanka akuya. Madara kuwa kowace safiya ce.

Mutanen birni sun fi sabawa da nonon shanu wanda Filani su ke kawowa. To, saniya dabbar mai hali ce. Tana son fili, tana son ciyawa mai yawa, kuɗinta kuma ba kaɗan ba ne. Akuya kuwa ko a ɗan lungun tsakar gida sai ta zauna, abin da saniya guda za ta ci kuwa ya ishi awaki da dama. Saboda haka a gidaje da yawa mata ne masu awaki, da 'yan kuɗin sana'arsu su ke saye. Da bazara, sa'ad da makiyaya suka yi kudu da shanu neman ciyawa, nono ya yi wuya ya yi tsada, akuyar da ke ɗaure a gida ita ce za ta ba yara abin zuba wa koko ko dama fura.

Jar akuya ba ta da madara mai yawa irin ta awakin Turai. Akwai wata farar akuya a ƙasar Suwizalan, ana ce da irinta Saanen, wadda ta kan ba da lita 3 a yini. Jar akuya kuwa in ta ba da rabin lita ta yi ƙoƙari, sai da damina ko a hannun mai kiwon kirki ta ke kai lita guda. Amma fa ita farar nan ta saba da sanyi da lallausar ciyawa. In aka kawo ta Katsina cikin zafin watan Afrilu, aka ɗaure ta ga busasshen kara, sai ta rame ta ƙafe. Jar akuya kuwa nan aka haifi kakanninta, ta san zafin, ta san ƙayar. Rabin litar nan ma ba abin rainawa ba ce. In akuya ta yi kwana 100 ana tatsar rabin lita kullum, an sami lita 50 ke nan a haihuwa ɗaya.

Madarar akuya fara ce fat, kitsen da ke cikinta ƙanana ne ƙwarai, don haka ba ta da wuyar narkewa a ciki. Waɗansu mutane suna ƙinta, wai tana ƙarni. Galibi laifin ba na madarar ba ne. In aka yi tatsa kusa da bunsuru, ko cikin ƙwaryar da ba a wanke sosai ba, lalle madara ta ɗauki wari. In aka nisantar da bunsuru aka tsabtace ƙwarya, da wuya mai sha ya yi ƙorafi.

Akuya ba ta yin madara da iska. Abin da ya shiga bakinta shi ne ya ke sauka hantsarta. Nan ne masu kiwo da yawa su ke kuskure, su sake ta tana yawo kan juji yini zubur, sa'an nan da safe su ɗauko ƙwarya suna jiran madara.

Cikin akuya ɗaki huɗu ne, babbansu shi ne tumbi. In ta sami abinci sai ta haɗiye da sauri ba ta tauna sosai ba, ya tafi tumbi ya jiƙu. In ta sami inuwa ta kwanta, sai ta riƙa dawo da shi baki kaɗan kaɗan tana sake taunawa. Wannan shi ne tuƙa. Da haka ta ke cin moriyar ganye da kara waɗanda cikin mutum ba ya iya narkarwa. Akuyar da ta daina tuƙa ba ta da lafiya, sai a duba ta.

Halin cinta dabam ne da na tunkiya. Tunkiya ƙasa ta ke sa kai ta yi kiwo, akuya kuwa sama ta ke nema, ta tsinki nan ta tsinki can. Tana son ganyen magarya da na aduwa da na sabara, ƙaya ba ta hana ta ba. Tana da tsantsami kuma: ko da ya ke ta kan tauna tsumma ko takarda, ba ta son harawar da aka tattake ko aka yi wa fitsari. Saboda haka masu dabara su kan ɗaure harawa su rataye ta daidai kanta, ko su zuba cikin kwando bisa dutse, don kada rabi ya lalace a ƙasa.

Da damina abinci ba shi da wuya. Ruwa ya kan sauka a Katsina daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, ciyawa ta fito ko'ina. Sai dai lokacin nan gonaki cike su ke da shuka, dole a ɗaure awaki a turke a riƙa yanko musu. Akuyar da ta tsinke ta shiga gonar maƙwabci ta kan jawo wa mai ita tara da ɓacin rai, wani lokaci ita kanta ta dawo da rauni. Hausawa na cewa akuya ta yi wayo da yankakken kunne.

Wuyar kiwo tana cikin watanni bakwai ko takwas ɗin da ba ruwa. Mai hankali tun da kaka ya ke shirinsu. In an cire wake da gyaɗa, sai ya tattara harawar tun tana da sauran kore, ya shanya ta a inuwa, ya ɗaure dami dami ya ɗora bisa rumfa ko rufin ɗaki inda gara da dabbobi ba za su kai ba. Harawar wake da ta gyaɗa sun fi karan dawa ƙarfi nesa ba kusa ba. Ya kan tara kowar wake da karmami kuma. Matan gida su kan ajiye dusar da suka samu wajen surfe, da ruwan tsari, duk na akuya ne. Akuya mai shayarwa tana bukatar dusa safe da yamma, in da hali a haɗa mata da ɗan ƙuliƙuli ko angurya.

Akwai wani itace da ya kamata kowane mai akuya ya gode masa, watau gawo. Shi gawo ya saɓa wa sauran itatuwa: da damina ya ke zubar da ganye, da rani kuwa, sa'ad da daji ya bushe ƙurmus, sai ya yi kore shar. Can wajen ƙarshen rani 'ya'yansa su nuna su faɗo, awaki su yi ta rububi a gindinsa. 'Ya'yan nan abinci ne mai gina jiki, har a kasuwa a ke sayar da su. Wanda ya sare gawo don itacen girki, madarar yaransa ya sare bai sani ba.

Ruwa kuma dole ne. In aka raba madara kashi 100, kamar kashi 87 ruwa ne zalla. Akuyar da ta yini da ƙishirwa hantsarta ba za ta cika ba. Sai a ba ta ruwa mai tsabta safe da rana da maraice, a riƙa jefa 'yar kanwa a ciki jifa-jifa, ko a ajiye mata gutsuren kantun gishiri irin na Bilma ta riƙa lasa.

Ba kowane abin da akuya ta ga dama ba ne ya ke yi mata kyau. Gyauron dawa, watau tohon da ya fito bayan an yanke kara, yana da dafi, ya kan kashe dabba cikin sa'a kaɗan. Ɗanyen ɓawon rogo ma haka, sai an shanya shi ya bushe. In ta faɗa wa buhun hatsi ta ci ta wuce kima, cikinta ya kumbura, numfashi ya gagare ta. Amma a birni yanzu babu abin da ya kai leda ɓarna. Akuya ta kan ji ƙanshin abinci jikin leda ta haɗiye, ledar kuwa ba ta narkewa. Sai ta taru cikin tumbi ta dunƙule, akuya ta yi ta ramewa alhali cikinta tulu guda, har ta mutu. Mahauta sun sha fede akuya su ciro dunƙulen leda. Yaron da ya tsince ledojin tsakar gidansu ya yi wa awakin uwarsa babban aiki.

Wurin kwananta ba ya bukatar kuɗi mai yawa. 'Yar rumfa ta isa, muddin ba ta yoyo, ƙasanta kuma ya ɗan fi tsakar gida tudu don kada ruwa ya kwanta. Akuya ta ƙi jinin ruwan sama da laima, in ta daɗe tsaye cikin caɓi kofatonta ya kan ruɓe ta kama ɗingishi. Da hunturu sai a kare gefen gabas da arewa da zana, saboda iskar nan mai sanyi tana sa wa ƙanana mura. Kowace safiya a share kashin a tara wuri guda. Ba shara ba ce, taki ne mai kyau, masu lambu har saye su ke yi.

Jar akuya tana da saurin haihuwa. Cikinta wata 5 ne, watau kamar kwana 150, kuma sau da yawa tagwaye ta ke haifa, wani lokaci har uku. In tana ƙoshi ta kan haihu sau uku cikin shekara biyu. Amma bai kamata a bar bunsuru ya hau 'yar akuya tun tana ƙarama ba. In ta ɗauki ciki ba ta gama girma ba, sai ta tsumbure, ɗan ya fito ƙanƙane, madara kuma ta yi kaɗan. Gara a jira ta kusa shekara guda.

Ran da za ta haihu ta kan ware kanta, tana kwanciya tana tashi, hantsarta ta cika tam. Sai a shimfiɗa mata busasshiyar ciyawa a ƙyale ta, galibi ba ta bukatar taimako. In ɗan ya faɗo ta kan lashe shi har ya bushe. Mai kiwo ya shafa aidin a cibiyarsa, ya tabbata ya kama nono tun cikin sa'ar farko. Nonon farkon nan mai kauri, mai ruwan ɗorawa, shi a ke kira dakashi. A cikinsa ne ɗan akuya ya ke samun abin da zai tsare shi daga cututtuka. Wanda bai sha dakashi ba da wuya ya rayu.

To, a nan ne a ke gane mai haƙuri. Kan nonon akuya biyu ne tak, in kuwa tagwaye ta haifa, kowane ɗaya yana da mai shi. Mai gaggawa ya kan fara tatsa tun kwana uku, ya tatse ƙarƙaf, 'ya'yan su yi ta kuka su rame, ɗaya ya mutu. Ya sami madarar kwana kaɗan, ya yi hasarar akuya sukutum. Abin da ya fi shi ne a bar wa 'ya'yan nonon duka har mako uku ko huɗu, sai sun fara tsinkar ganye. Daga nan a riƙa raba su da uwar da dare, a tatsa da safe a bar musu saura, su yini tare da ita. In sun kai wata 3 a yaye su. In kuma ta sake ɗaukar ciki, sai a daina tatsa saura kamar wata 2 ta haihu, don ta huta ta tara ƙarfi.

Tatsa tana da ƙa'ida. Mai tatsa ya wanke hannunsa da sabulu, ya wanke hantsar da ruwan ɗumi, ya goge da tsumma mai tsabta. A zuba wa akuya dusa a gabanta don ta tsaya. Ba jan kan nonon a ke yi ba, ja yana yi mata rauni. A kan kama samansa da babban yatsa da manuni, sa'an nan a matse da sauran yatsun ɗaya bayan ɗaya. Tsirtuwar farko a zubar da ita gefe a duba. In an ga gudaji ko jini, ko hantsar ta yi zafi ta kumbura, to ciwon hantsa ne, kada a sha madarar, a nemi malamin dabbobi. In lafiya lau ne, sai a tace da ƙyalle mai tsabta a ɗora bisa wuta ta tafasa. Tafasawar nan dole ce, domin akwai cututtukan da ke bin ɗanyar madara su kama mutum, har da wani zazzaɓi mai naci wanda ya ke tafiya yana dawowa. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa ba a ba shi madarar akuya, nonon uwarsa kaɗai ya ishe shi.

Babbar abokiyar gaban awaki wata annoba ce wadda likitocin dabbobi su ke kira PPR. An fara gane ta a ƙasar Kwaddibuwa a 1942. Akuyar da ta kamu ta kan yi zazzaɓi, idanunta da hancinta su riƙa zubar da ruwa, bakinta ya yi gyambo, sa'an nan zawo da tari su biyo. In ta shiga unguwa ta kan share turke bayan turke. Ba ta da magani, amma tana da rigakafi. A Vom ta Jihar Filato akwai cibiyar binciken cututtukan dabbobi, wadda ta ke can tun 1924, ana yin allurar a wurin. Allura ɗaya ta kan tsare akuya shekara 3 ko fiye. Shanu ma dā suna da irin wannan annoba, ana ce mata bushiya, ta kashe dukiya ba iyaka. Da allura aka yaƙe ta, har aka ba da sanarwa a 2011 cewa ta ƙare a duniya duka. Ƙasashen duniya sun ƙulla niyyar su yi wa ta awaki haka nan kafin ƙarshen 2030. Saboda haka in masu allura sun zo unguwa, kuskure ne babba a ɓoye awaki cikin ɗaki.

Sau da yawa daga kasuwa cutar ta ke shigowa gida. Akuyar da aka sayo daga Mai'aduwa ko Caranci ko Jibiya ta cuɗanya da ɗaruruwan dabbobi, ba a san abin da ta kwaso ba. A ɗaure ta ita kaɗai mako uku tukuna, in ba a ga kome ba sa'an nan a haɗa ta da na gida. Sauran ƙananan cututtuka, kamar tsutsar ciki da kaska da ƙazuwa, duk suna da magani wurin malaman dabbobi. An fi ba da maganin tsutsa a farkon damina da ƙarshenta.

Saura magana ɗaya, ita ce ta iri. Mai sayen akuyar madara ba ƙiba zai duba ba. Ya duba hantsa, ta zama mai laushi, ɓangarorinta biyu daidai, ba mai reto har ƙasa ba. Ya tambayi labarin uwarta, in ya sami mai gaya masa. Ya buɗe bakinta kuma. Akuya ba ta da haƙoran gaba a sama, sai dasashi mai tauri, a ƙasa kuwa tana da guda 8. In duk ƙanana ne, ba ta cika shekara ba. In biyun tsakiya sun fita manya sun maye, ta shekara ɗaya da 'yan watanni. Daga nan su kan riƙa sauyawa bibbiyu, har duka takwas su zama manya tana da kamar shekara 4. Wadda haƙoranta suka lalace suka yi giɓi ta tsufa, kome arharta.

Bunsuru ma sai an zaɓa, a nan kuwa a ke yawan sakaci. In sha'anin suna ko biki ya taso, bunsurun da ya fi kyau shi a ke yankawa ko a kai kasuwa, a bar ƙanƙanen da ba mai so yana bin awakin unguwa. Sau da yawa ma uwarsa ko ƙanwarsa ya ke hawa. Da haka iri ya ke lalacewa, 'ya'ya su riƙa fitowa ƙanana, madara ta ragu. A Maraɗi hukuma ta kafa cibiyar kiwon jar akuya 'yan shekaru bayan Nijar ta sami mulkin kai a 1960, don a tsare irin kada ya gauraye, ana kuma raba wa ƙauyuka bunsurai nagari. A Shika kusa da Zariya kuma masana na Jami'ar Ahmadu Bello sun daɗe suna nazarin wannan akuya. A gida ma ana iya yin daidai gwargwado. A ajiye bunsurun da uwarsa ta fi madara, a dandaƙe sauran su zama taure, su ne na yanka da na kasuwa. Bayan shekara biyu, kafin ya fara bin 'ya'yansa, a musanya shi da na wata unguwa mai nisa.

Tambayoyi

1. Me ya sa Turawa suka kira fatar jar akuya fatar Maroko?
2. Ta yaya gawo ya bambanta da sauran itatuwa?
3. Mene ne dakashi, kuma wa ya kamata ya sha shi?
4. In akuya tana ba da rabin lita kullum, lita nawa za a samu cikin kwana 60?
5. An buɗe bakin akuya an ga manyan haƙora biyu a tsakiya, sauran ƙanana. Shekarunta nawa?